Sai Watan Mayu

Mu biyu muka shigo Kano daga ƙasar Damagaram, ni da ƙanena Isuhu. Ni kaɗai zan koma. Abin da ya faru tsakanin shigowar da komawar shi nake so in rubuta, yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Sunana Lawali. Aji shida na yi a lakwal, makarantar bokon wajenmu inda ake karatu da Faransanci. Isuhu karatun allo kaɗai ya yi. Shi ya sa tun a gida yake ce mini Mushe, yadda muke kiran malamin makaranta, akwai tsokana a ciki, akwai kuma yarda. Magidanci ne, da mace da 'ya'ya biyu. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi, amma da ya ga rubutun boko sai ya waiwayo ya dube ni.

A Sharaɗa muka fara yada zango. Wasu 'yan ƙasarmu masu gadi suka ba mu wurin shimfiɗa tabarma a bayan wani sito. Kwana biyu da zuwanmu, a teburin mai shayi, wani mutum mai gogaggiyar riga ya ji harshenmu ya matso. Ya ce ƙanin matarsa ne ke ɗaukar ma'aikata a kamfanin roba, mu ba shi na goro da hotunanmu, mu jira shi a bakin get ranar Litinin. Muka jira Litinin, muka jira Talata. Ranar Alhamis maigadin kamfanin ya tausaya mana ya ce, "Bayin Allah, ba ku ne na farko da ya tsayar a nan ba. Ku je ku nemi abin yi." Isuhu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce hotunan ne suka fi ba shi haushi, don a cikinsu kaɗai ya taɓa yin kyau.

Muka koma tsintar tsohuwar roba a wani fili, muna ware fara daga baƙa a cikin rana. Da la'asar Isuhu zai kira matarsa Hadiza, ya ce a kara wa ƙaramar 'yarsa wayar ta yi masa gwaranci. In ya gama sai ya huce a kan furar Kano. Ya ce wannan ruwa ne aka nuna wa gero daga nesa. Mai furar ta ce, "Ɗan Nijar, ka fara koyon sunanta tukuna. Fura ake cewa, ba hura ba." Ya ce, "Ranar da kuka dama ta gaskiya, zan kira ta da sunan da kuke so."

Daga nan muka koma Bompai, muna dako a wani babban sito, sauke buhuna daga tirela. A nan muka san Malam Garba, mai rubuta shige da fice a bakin get. Tsohon malamin firamare ne, mutumin Hotoro, ya yi ritaya amma zama bai karɓe shi ba. Ranar da ya ji daga inda muka fito ya ajiye biro ya ce, "Damagarawa! Kun sake kawo mana yaƙi ke nan?"

Isuhu ya ce, "A'a Malam, wannan karon buhunanku muka zo ɗauka, tunda Kanawa ba ƙashin baya."

"Mu ƙwaƙwalwarmu ke aiki. Shi ya sa nake zaune kana gumi."

Tun daga ranar duk Juma'a sai ya zo da kwano biyu daga gida, ya ce matarsa ta yi kuskuren awo. Wata biyar tana wannan kuskuren. Da kaya suka ja baya aka rage 'yan dako, shi ya ce mu gwada Challawa, kamfanonin jima ba sa rasa neman hannu.

Wanda bai taɓa shiga kamfanin jima ba, ba zan iya kwatanta masa warin ba. Yana shiga tufa, yana shiga abinci, har a masallaci mutane sun san daga ina ka fito. Ni aka sa ni rumfar shanya fatu. Isuhu, saboda ƙarfinsa, aka kai shi ɓangaren ruwa, inda manyan ganguna ke juya fata a cikin kemikal. Wanda ya koya masa aikin wani dattijo ne, Baba Ɗanjuma, ɗan asalin ƙauyen da ke gefen kamfanin. Yakan nuna wani lungu ya ce a nan gonar mahaifinsa ta ƙare.

A bayan gangunan akwai rami mai zurfi da aka gina da siminti, inda ruwan datti ke taruwa kafin ya bi bututu ya fita. A jikin bangon ramin an kafa allo, rubutu ja, duka manyan baƙaƙe. A satinmu na farko Isuhu ya ja ni wurin lokacin hutun azahar ya ce, "Mushe, me suka ce a nan?"

Ga abin da ke jiki: GAS IN THIS PIT MAY BE DANGEROUS.

Ban iya Turanci ba. Amma na ga GAS, na ce ai gaz ne, iska mai guba. Na ga DANGEROUS, ya yi kama da kalmar haɗari a Faransanci. Saura ta tsakiya. MAY. Na tuna kalandar da ke rataye a ɗakin helma, shugaban leburorinmu, na je na ɗaga shafukanta. Ga shi nan, wata na biyar, baƙi uku, iri ɗaya sak. Kusan haka muke rubuta shi a lakwal. Na dawo ina jin daɗin kaina na ce, "Sun ce iskar ramin nan tana da haɗari a watan Mayu."

Ya ce, "Gaskiya ne kuwa. Lokacin zafi ne, dole ya tafasa."

Bayanin ya zauna daidai a hankalina, shi ya sa ban tambayi kowa ba. Da Mayu ya zo, Isuhu ko kusa da ramin ba ya bi. Da watan ya fita ya ce mini, "Mushe, mun tsallake." Muka yi dariya.

A watan Janairu ne. Ina shimfiɗa fata sai na ji injina sun tsaya, alhali ba lokacin salla ba ne. Duk wanda ya yi aikin kamfani ya san wannan shirun. Kafin in isa sun riga sun fito da Isuhu daga ramin da igiya, sun kwantar da shi a kan buhu. Bututun ne ya toshe da gashi da kitse, helma ya ce a samu mai sauka ya zungure shi. Isuhu ne ya sauka, ba a ba shi komai ba sai sandar ƙarfe da ƙyallen rufe hanci. Sun ce bai ma kai ƙasa ba. Ya tsaya a tsakiyar tsani kamar mai hutawa, sai hannunsa ya saki.

A ranar muka binne shi, a maƙabartar ƙauyen su Baba Ɗanjuma. Baba ne ya yi masa wanka. Likkafanin ma daga ɗakinsa ya fito, wanda ya ajiye wa kansa. Mutanen da ba su san sunan garinmu ba suka cika sahu uku. Allah ya saka musu.

A hanyar dawowa Baba ya riƙe ni muka rage tafiya. Ya ce, "Na kama hannunsa, na ce Isuhu bari, ramin nan ban yarda da shi ba. Ya ce, 'Baba, Mushe ya karanta allon. Sai watan Mayu.' Ban gane nufinsa ba."

Na ce, "Haka suka rubuta, Baba. Ƙarya suka rubuta." Da wannan fushin na kwana uku.

Kafin sadakar uku wata magana ta fara yawo a kamfani. Wai idon Isuhu ja ne da safen nan, wai ƙila ya sha ƙwaya. Duk wanda ke ɓangaren ruwa idonsa ja ne, kemikal ke sa shi, kowa ya sani. Amma magana ta bi waya ta riga ni isa gida. Wan Hadiza ya kira ni, ya yi gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Lawali, wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Mace tana takaba, ana kawo mata wannan. Isuhun da ko goro bai dame shi ba.

Rana ta huɗu manajan ma'aikata ya kira ni ofis. Ya yi mini ta'aziyya da ladabi, ya miƙo takarda shafi ɗaya, ya ce bayanin abin da ya faru ne, a matsayina na ɗan'uwa in sa hannu a rufe magana. Na ce zan kai a karanta mini. Fuskarsa ta ɗan canza, amma ya ce in dawo da ita jibi.

Na hau A Daidaita Sahu har Bompai. Malam Garba ya riga ya ji. Bai ce Damagarawa ba ranar. Ya ba ni kujerarsa, ya zauna a kan benci, ya sa tabarau yana karantawa yana fassara mini layi-layi. Ni kuma ina bin yatsansa da ido. Sai na ga baƙaƙen nan uku.

Na ce, "Malam, dakata. Me ya kawo Mayu nan? A Janairu ya rasu."

"Wane Mayu?"

Na nuna masa. He may have taken drugs.

Ya ce, "A'a, wannan ba wata ba ne. Rubutunsu ɗaya, amma wannan wata kalma ce daban. Ma'anarta mai yiwuwa. Cewa suka yi mai yiwuwa ya sha ƙwaya."

Na karɓi bironsa, na juya wani kwali, na rubuta abin da ke kan allon ramin, don na haddace shi baƙi-baƙi. Na ce, "Wannan fa?"

"Iskar ramin nan tana iya zama mai haɗari."

"Yaushe?"

"Kowane lokaci. Yau, gobe. Ba a sa rana ba." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Lawali, lafiya?"

Na gaya masa. Tirela ta zo tana hon a bakin get, Malam bai tashi ba, sai wani ne ya buɗe. Malam ya daɗe yana salati a hankali. Sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Kai kuma abin da ka sani ka faɗa."

Na ce, "Abin da ban sani ba na faɗa, Malam. Ku koya mini kalmar nan. Duka. Kada ku rage komai."

Ya ga da gaske nake. Ya jawo kwalin, malantarsa ta motsa. Ya ce su uku ne 'yan ɗaki ɗaya, may da might da could. Ba sa tsayawa su kaɗai, kullum a gaban wata kalma suke, aikinsu su cire mata tabbas. In aikatau ne, sai su manne masa kai tsaye. Ya rubuta he may come, mai yiwuwa ya zo. It might fall, ƙila ya faɗi, ya ce wannan ta fi rauni kaɗan, kamar mai magana yana ɗaga kafaɗa. In kuma siffa ce, kamar haɗari ko gaskiya ko maye, ba sa taɓa ta sai an sa be a tsakani. May be dangerous. Could be true. In abin ya riga ya wuce, sai a sa have, kamar yadda suka yi wa Isuhu.

Na ce, "In mutum ya tabbata fa?"

"Sai ya kore su. Ya ce is dangerous. Yana da haɗari, magana ta ƙare."

"To su ba su tabbata ramin yana kisa ba?"

Malam ya cire tabarau. Ya ce, "Wani lokaci mutum yana sa kalmar nan don bai sani ba, wannan gaskiya ce da tsoron Allah. Wani lokaci kuma ya sani sarai, yana dai bar wa kansa ƙofar fita."

Na sa shi ya yi ta ba ni jimloli ina juyawa har aka kira la'asar. Da zan tafi ya ce, "Kada ka sa hannu a kan layin nan. In ka sa, kai ma ka ce mai yiwuwa."

Washegari na sami Baba Ɗanjuma a ƙofar gidansa na gaya masa abin da allon ke nufi. Ya ci gaba da murza carbinsa. Ya ce, "Ni kaɗai na ji abin da ya faɗa a bakin ramin. Ni kuma na tsufa, kunnena ba ya ji sosai. Ka gane?"

Na gane. Na yi masa godiya. Amma na riga na ga inda takardar ta dosa. Hujjarsu ɗaya ce: akwai allo, mai hankali ba zai ga allo ya shiga ba, saboda haka ba ya cikin hankalinsa. Muddin ba a faɗi dalilin da ya sa ya shiga ba, ƙwayar nan za ta zauna a kan sunansa. Dalilin kuma ni ne.

Ranar da aka sa na koma ofis. Manaja yana nan, helma yana tsaye a gefe. Na roƙi Baba ya shigo tare da ni. Na ajiye takardar, na ɗora yatsa a kan layin na ce, "Yallaɓai, wannan ba zan sa masa hannu ba."

Ya ce, "Malam Lawali, ba ka fahimta ba ne. Ba mu ce ya sha ba. May muka ce. Possibility ne kawai, ba zargi ba ne. Ba ya cutar da kowa."

"An gwada jininsa?"

"Ka san a ranar aka binne shi."

"Wani ya gan shi yana sha?"

Helma ya ce, "Idonsa dai..."

Baba ya ce, "Dubi nawa idon, Helma. Ni ma na sha ke nan?"

Na dubi manaja. Na shirya jimlar tun a hanya, na maimaita ta ya fi sau ashirin. Na ce, "Sir, you may be drunk."

Ya miƙe tsaye har kujera ta bugi bango. "Kai! Ni kake gaya wa haka? A ofis ɗina?"

"Ban ce kun sha ba, yallaɓai. May na ce. Ba ya cutar da kowa."

Helma ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ku da ranku, kuna iya miƙewa ku kare kanku. Shi yana ƙasa. Kuma kalma ɗaya ce a bangonku da takardarku. A bango kun ce gargaɗi ce mai ƙarfi, ta isa ta hana mutum shiga rami. A takarda kun ce ba komai ba ce. Ku zaɓi ɗaya."

Manaja ya zauna a hankali. Ya ce, "To gaya mini. Me zai sa mutum mai hankali ya ga warning ya sauka?"

"Abu biyu. Na farko, helmanku ya ce a sauka. Na biyu, bai iya karatu ba, ni na karanta masa allon. Na ce masa sai a watan Mayu ramin ke da haɗari. Ya yarda da ni."

Baba ya ce, "Lawali."

"Bari, Baba. Kun ji ya faɗa, ko ba ku ji ba?"

Dattijon ya dubi ƙasa. Ya ce, "Na ji."

Manaja ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka san wannan maganar tana iya komawa kanka?"

"Ta riga ta koma. Nawa na ɗauka, ba zan raba shi da kowa ba. Naku yana nan yana jiranku: allo da harshen da leburorinku ba sa ji, da mutum a rami da ƙyalle a hanci. Amma Isuhu ba shi da kaso a ciki. Ku cire layin."

Ya ce sai ya yi magana da na sama. Na ce zan jira. Na zauna a kan bencin ƙofar ofis daga hantsi har bayan azahar, ban tashi ba sai don salla. Masu wucewa suna kallona, na san labarin ya riga ya zaga ɓangaren ruwa, kuma cikin masu jin akwai 'yan garinmu masu waya a aljihu. Daga baya aka fito da sabuwar takarda. Na bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, ina neman may, ina neman might, ina neman could. Layin ya fita. Ban yarda da idona kaɗai ba, na kira Malam Garba na karanta masa baƙi-baƙi a waya, manaja yana tsaye yana jira. Sai da Malam ya ce babu, sannan na juya bayan takardar na rubuta da Hausa abin da na faɗa a ofis, da abin da helma ya umarta, na sa hannu a ƙarƙashin wannan. Na ce a ba ni kwafi gaba da baya. Aka ba ni. Aka kuma ce ba sai na zo aiki gobe ba. Na ce dama ban yi niyya ba.

A bakin titi, inda manyan motoci ke jira, na kira Inna, mahaifiyarmu. Ban so wani ya riga ni. Ta ɗauka, muka gaisa. Kafin in fara ta ce, "Lawali, abu ɗaya zan tambaye ka, kada ka rufe ni. Ya sha?"

"Bai sha ba, Inna."

"Ka tabbata, ko kana zato?"

"Na tabbata. Na san abin da ya sa ya shiga." Na gaya mata, tun daga allon har kalandar. Ban sassauta ko kalma ɗaya ba.

Ina jin kukan akuya daga can gidanmu. Sannan ta ce, "Hadiza tana ɗaki, mutane sun cika tsakar gida. Abin da ka gaya mini, za ka iya faɗarsa a gabansu?"

Na ce, "Zan faɗa."

Ta ce, "To taho."